Dawo da naman farauta gida ta jirgin sama: yaya ake yi kada ya lalace a hanya?

Sabon Maharbi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan ciki da waje. Muna shirin tafiya farauta ta kwana bakwai a wuri mai nisa, jirgi za mu hau zuwa da dawowa. Lasisin da na samu na babbar barewa ne guda ɗaya, irin wadda nauyinta kan kai kilo 250 zuwa 300 tana raye. Idan Allah ya ba da sa'a, naman nake so ya iso gida, ba ƙaho kaɗai ba.

A dawowa jirgi biyu za mu hau, da jiran awa uku a tsakani. In aka haɗa da tafiyar mota zuwa filin jirgi da kuma daga filin jirgi zuwa gida, abin zai kai awa 16 zuwa 18. Abin da nake son sani: kilo nawa na nama zan sa ran samu? Wace irin kula ta fi dacewa? Ana yarda da ƙanƙara a cikin kaya? Kuma wanne ya fi, in tafi da shi a matsayin kayana na fasinja ko in ba kargo? Na gode.

Tsohon Mahauci:

Wa alaikumus salam. Malam, ka fara tambaya daga kula, alhali kula ita ce ƙarshen magana. Yawancin naman da ake cewa ya lalace a jirgi tun a daji ya fara lalacewa, jirgi dai ya ƙarasa shi ne.

Mu fara da lissafi. Tsoka zalla, bayan an cire fata da kai da kayan ciki da ƙashi, takan kama kashi ɗaya bisa uku na nauyin dabbar tana raye, wani lokaci ta ɗan haura. Dabba mai kilo 270 za ta ba ka kamar kilo 90. Idan harsashi ya farfasa kafaɗa, ka rage wasu kiloli, domin duk inda jini ya kwanta da inda ɓarɓashin dalma ya watsu yankewa ake yi a zubar, ba a yin rowa a nan. Kada ka ɗauki ƙashi zuwa jirgi. Kuɗin nauyi za ka biya a kan abin da ba za ka ci ba, ga tsininsa yana huda leda, ga kuma dokar wasu wurare da ta hana.

Awoyin farko su ne komai. Da dabba ta faɗi, a feɗe ta a fitar da kayan ciki, a raba cinyoyi da kafaɗu, a buɗe wuya. Babbar dabba tana riƙe zafi a wurare biyu: gindin cinya inda ƙashi ya shiga ƙugu, da kuma wuya. Nan ne wari ke fara tashi daga jikin ƙashi, waje na kyau ciki ya yi kore. In ana zafi, a tsaga cinya har ƙashi don zafin ya fita. A sa naman cikin buhunan yadi masu shan iska, a rataye a inuwa, kowane buhu da tazara. Leda ba ta taɓa nama mai ɗumi. Tana tsare zafi da laima, washegari ka tarar da yauƙi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 4 da digiri 60, don haka burinka tsakiyar cinya ta sauko kusa da 4 cikin kwana ɗaya. Ka sayi ma'aunin zafi mai tsinke da ake sokawa cikin nama. Hannu ba ya gaya maka abin da ke tsakiya.

Amma kada ka yi garaje ka jefa shi a firiza ranar da aka harbe shi. Nama yana sandarewa bayan mutuwa, sannan ya saki. Idan ka daskarar da shi kafin ya saki, ranar da ka narkar zai tsuke ya zubar da ruwa, ya yi tauri kamar igiya. Ka ba shi aƙalla awa 24, in da hali 48, a sanyin digiri 1 zuwa 3.

Sai yanka da ƙunshi. A yanka gunduwa ta rabin kilo zuwa kilo ɗaya, a goge laima da tsumma mai tsabta, a sa a ledar da inji ke zuƙe mata iska. A shimfiɗa kowace leda ta yi faɗi, kaurinta kada ya wuce santimita 4 ko 5. Dalili biyu ne. Mai faɗi ta fi saurin daskarewa, kuma tana jeruwa a kula kamar bulo ba tare da gurbin iska ba. Dunƙulallen nama kamar ƙwallo yakan yi kwana biyu a firiza tsakiyarsa na nan da taushi. Idan ba injin zuƙe iska, a naɗe da siririyar ledar abinci sau biyu a matse sosai, sannan a sa cikin leda mai zif. A rubuta sunan yankan da kwanan wata a jikin kowace.

Ga inda mutane da yawa ke faɗuwa. Firizar gida mai lita 300 galibi ba ta iya daskarar da fiye da kilo 15 zuwa 20 na sabon nama a kwana ɗaya. Ka zuba mata kilo 90 a tare, na gefe zai yi ƙanƙara, na tsakiya zai zauna cikin sanyi-sanyi har kwana uku ko huɗu. Firizar otal kuwa kada ka dogara da ita sai ka gan ta da idonka. Abin da ya fi shi ne, tun kafin ka bar gida, ka nemi mahauta da ke kusa da wurin farautar mai ɗakin daskarewa na iska mai ƙarfi, irin wanda ke kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili ko fiye. Ka tambaye su kwana nawa suke buƙata, domin a tsakiyar lokacin farauta layi ake bi. Sannan ka bar kwana biyu tsakanin ranar ƙarshe ta farauta da ranar tashin jirgi. Wanda ya harbi dabba da yammacin Alhamis, jirginsa na safiyar Juma'a, ya haɗa kansa da aiki.

Gwajin da za ka yi da safen tafiya mai sauƙi ne. Ɗauki leda biyu ka buga su da juna. In suka yi ƙara kamar katako, an gama. In yatsa ya ɗan nutse a tsakiya, bai yi ba.

Ma'aikacin Kargo:

Abin da Baba Mahauci ya faɗa haka yake. Bari in ɗora daga ƙofar filin jirgi.

Nauyi ne zai tsayar da kai, ba girman kula ba. A yawancin kamfanoni iyakar jaka ɗaya kilo 23 ce, kuma tsawo da faɗi da tsayi in an haɗa kada su wuce santimita 158. Daga 23 zuwa 32 ana karɓa da ƙarin kuɗi. Sama da 32 kamfanoni da yawa ba sa karɓa ko nawa za ka biya, saboda mutane ne ke ɗagawa da hannu, ko da yake wasu kamfanonin Amurka na karɓar har kilo 45 a tafiyar cikin gida. To, kula mai lita 45 za ta iya cin nama sama da kilo 30 in an cika ta. Ka ga tun ba ta cika ba ka riga ka kai 23.

Shi ya sa tsadaddiyar kular nan mai kaurin bango ba ta da amfani a jirgi. Ita kaɗai babu komai a ciki takan kai kilo 10, kusan rabin abin da aka ba ka ke nan. Kular roba mai arha ta lita 45 ba ta wuce kilo 3 ko 4. Wanda ya fi su duka sauƙi shi ne kwalin da masu kifi ke amfani da shi, mai shafen kakin zuma a jiki da farin soso a ciki, kilo 1 zuwa 2. Farin soso tsirara, ba tare da kwali mai ƙarfi a waje ba, kamfanoni da dama ba sa karɓa, domin yana fashewa a kan bel.

Lissafin kilo 90 ɗinka: in kowane mazubi zai tsaya a 23, nama kilo 19 zuwa 20 ne a ciki, mazubi biyar ke nan. In za ka kai 32, nama kamar 28 a kowanne, uku sun ɗauke 84, sauran shida su shiga jakar hannu. Wanne ya fi sauƙin kuɗi ya danganta da jadawalin kamfanin, domin wasu kuɗin jaka ta uku da ta huɗu ke tsalle, wasu kuma kuɗin ƙarin nauyi. Ka zauna da biro ka lissafa duka biyun. Kada ka manta akwatin bindiga ma jaka ɗaya ce a lissafi, harsashi kuma ba ya wuce kilo 5 ga fasinja ɗaya. Dabarar da aka saba yi ita ce a aika tufafi da takalma da tanti gida ta gidan waya, tunda su ba sa ruɓewa, a bar wa nama gurbin jakunkuna. Wuƙaƙe dai su shiga kayan da za a auna, ba jakar hannu ba.

Yadda ake jerawa: a toshe ramin zubar ruwa na kula da salatif mai ƙarfi ciki da waje. A shimfiɗa babbar leda mai kauri, a sa tsumma ko takarda mai shan ruwa a ƙasa, a jera naman a matse. Duk gurbin da ya rage a sama a cike shi da tawul ko rigar sanyi ko jarida, domin iskar da ke kai-komo a ciki ita ke narkar da nama. A ƙulle bakin ledar, a rufe. In za ka iya, ka kwanar da kular kanta a ɗakin sanyi, kada ka zuba daskararren nama cikin kular da ta yini a bayan mota. A ɗaure da ɗamara biyu masu ƙugiya. Sun fi salatif, saboda jami'an tsaro na iya buɗewa su duba, kuma ɗamara za su iya mayarwa, salatif kuwa in sun yanka shi ke nan. Ka manna sunanka da lambar wayarka a waje, ka sa wata takardar a ciki. Ka auna da sikelin hannu ka tsaya a 22.5, don sikelinka da nasu ba lallai su zo ɗaya ba, kuma buɗe kula a gaban kanta ana jiranka a layi ba abin so ba ne.

Ƙanƙarar ruwa kuwa ka manta da ita. Yawancin kamfanoni ba sa yarda da ita a kayan da ke shiga cikin jirgi. Ruwan jini in ya zubo yana ɓata kayan mutane, kuma mazubin da aka ga yana ɗiga ana iya ajiye shi gefe jirgi ya tashi ya bar shi. Akwai wani abu kuma: matsin iska a cikin jirgi daidai yake da na tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, don haka iskar da ta rage a cikin leda tana kumbura har kusan kashi ɗaya bisa uku. Ledar da ba a matse ba nan take ɓallewa.

Busasshiyar ƙanƙara, wato iskar carbon dioxide da aka daskarar, an yarda da ita da sharaɗi. Kilo 2.5 ne iyaka, kuma ga fasinja ɗaya ne, ba ga kowace kula ba. Sai ka sanar da kamfanin sun amince. A rubuta "Dry Ice" da nauyinta a jikin mazubin, da Turanci kamar haka, don shi ma'aikata ke nema. Kuma dole mazubin ya iya fitar da iska, saboda ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take zama, kilo ɗaya yana ba da kusan lita 500. In ka like kula ruf za ta kumbura ta tsage.

Mutane na zaton cikin jirgi inda ake loda kaya firiza ne. Ba haka ba ne. Akwai ɗan sanyi amma sama da sifili yake, wani sashen ma ɗumama shi ake yi saboda dabbobi. Haɗarin ma ba a sama yake ba, yana ƙasa: kula ta zauna a kan keken kaya cikin rana lokacin jiran jirgi na biyu. Saboda haka ka ɗauki jirgin safe, ka guji jirgin ƙarshe na yini, domin in kayan suka maƙale sai gobe. Jiranka na awa uku ya yi daidai. Minti 45 ne abin tsoro, kai ka shiga kayanka ba su shiga ba.

Ka kira kamfanin da zai tuƙa jirgin da kansa, ba wanda ya sayar maka da tikiti ba, musamman in ɗaya daga cikin jiragen ƙarami ne. Ƙananan jirage na da iyakar yawan jaka, kuma ƙarin kaya su ake fara saukewa in nauyi ya yi yawa. Ka sani kuma za su iya ba ka takarda ka sa hannu cewa ba su da alhakin abin da ke lalacewa. Ma'anarta, in naman ya ruɓe saboda jinkiri, karɓar diyya zai yi wuya.

Kargo yana da amfani idan nama ya haura kilo 100, ko ku da yawa kuka haɗa. Amma suna cajin wanda ya fi yawa tsakanin nauyin gaske da nauyin girma, wato tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita a raba da 6,000, kuma ba lallai kayan su hau jirgin da ka hau ba. Ka tabbatar an rubuta su a matsayin kaya masu lalacewa, ka tambaya ko akwai firiza a tashar da za su sauka, kuma kada ka aika ranar da ofishin karɓa zai rufe kwana biyu.

Sabon Maharbi:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Ashe tsadaddiyar kular da nake shirin saya asara ce. To in haka ne, busasshiyar ƙanƙara kilo 2.5 a raba wa kula huɗu ko biyar za ta yi wani tasiri kuwa? Sannan ni tafiyata cikin ƙasa ɗaya ce, jiha zuwa jiha, amma akwai abokin tafiyarmu da zai wuce wata ƙasa da nasa kason. Shi yaya zai yi?

Mai Gyaran Firiza:

A kan tambayarka ta farko, ɗan'uwa: tasirinta kaɗan ne, kuma a ganina wahalarta ta fi amfaninta a tafiyar awa 18. Ga lissafin. Kafin kilo ɗaya na ƙanƙara ya narke sai ya sha zafi na kilojul 334 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Nama kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, don haka kilo ɗaya na daskararren nama yana shan kamar 240. Kilo 20 a kula ɗaya ke nan wajen 4,800. Ita busasshiyar ƙanƙara tana shan 571 a kowane kilo, kilo 2.5 gaba ɗaya bai kai 1,500 ba. Wato naman da ke cikin kula guda ya ninka dukan abin da aka yarda ka ɗauka sau uku wajen riƙe sanyi. Naman shi ne ƙanƙarar kansa. Kula mai arha da aka cika da naman da ya daskare har tsakiya, ba a buɗe ta ba, tana yin awa 24 lafiya lau, sau da yawa ta wuce haka. Abin da zai ɗan yi taushi shi ne na saman da na kusurwa.

Inda busasshiyar ƙanƙara ke da rana shi ne kafin filin jirgi. A mota ba iyakar kilo 2.5, don haka za ka iya sa mai yawa a daren tafiya ta ƙara sandarar da naman, tunda sanyinta digiri 78.5 ne ƙasa da sifili, da safe ka cire ragowar kafin awo. A sama ake ɗora ta, da kwali ko jarida tsakaninta da nama, domin in ta taɓa leda kai tsaye tana sa ta ta yi ƙarau ta tsage. A sa safar hannu, tana ƙona fata. Kuma kada a kwana da ita a rufaffiyar mota ko ƙaramin ɗaki, iskar da take fitarwa ba ta da wari kuma tana shaƙe mutum.

Inda na ɗan saba da Malam na kargo shi ne batun kwali. Yana da sauƙin nauyi, gaskiya ne, amma in ruwan sama ya same shi a kan keken kaya, ko aka ɗora masa akwati mai nauyi, kusurwa na buɗewa. Tafiya mai jirgi biyu, ni kular roba zan zaɓa, ko da za ta ci min kilo biyu.

Jami'in Gandun Daji:

Malam, batun abokinka ya fi duk abin da aka tattauna nauyi, kuma amsar ba mai daɗi ba ce. A mafi yawan lokuta ba zai iya ba. Ƙasashe na tsoron cututtukan dabbobi, musamman cutar baki da kofato, wadda daskarewa ba ta kashe ƙwayarta. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama a kayansa daga ƙasashen da ba nata ba, in ban da 'yan ƙalilan na maƙwabta irin su Nowe da Suwizalan. Amurka ba ta karɓar ɗanyen naman dabbobi masu kofato daga ƙasashen da ke da wannan cuta, shi ya sa masu zuwa farauta Afirka daga can fata da ƙaho suke komawa da su, naman a wurin ake cinye shi. Ostareliya da New Zealand sun fi kowa tsanani. Busar da naman ko gasa shi a gida galibi ba ya sauya hukunci. Akwai inda ake yarda, misali mafaraucin da ke komawa Amurka daga Kanada da lasisinsa a hannu, amma ko nan sharuɗɗa na sauyawa in cuta ta ɓarke. Hukumar kula da lafiyar dabbobi ta ƙasar da zai sauka ita zai tambaya, a rubuce, kafin ya sayi kula. Kamfanin jirgi zai karɓi kayan ya karɓi kuɗinsa, ba ruwansa da abin da kwastan za su yi a can. In kuma dabbar tana cikin jerin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kula da cinikin namun daji da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ko ƙahonta sai da takardar izini.

In ya ɗauka duk da haka, ya bayyana a takardar kwastan. Wanda ya bayyana, yawanci ƙwace naman kawai ake yi. Wanda ya ɓoye kare ya shinshino, ga ƙwacewa ga tara. Ya lura da ƙasar da zai ya da zango ma, domin a wasu wurare, kamar Amurka, a filin jirgin farko ake karɓar kaya a bi da su ta kwastan.

Kai ma da kake cikin ƙasa ɗaya ba ka tsira ba. Lasisinka da alamar da aka ba ka ta liƙa wa dabbar su kasance tare da naman har gida, kwafi ɗaya a cikin kowace kula, na asali a aljihunka. Idan mahauta ta yanka maka, ka karɓi rasit mai lambar lasisin. Wasu wurare na buƙatar a bar shaidar jinsin dabbar, namiji ce ko mace, a manne da cinya ɗaya har sai an kai wurin yanka na ƙarshe, to ka karanta wannan tun kafin wuƙa ta taɓa ta. Idan za ka ɗauko wa wani nasa, a rubuta takardar miƙawa mai sa hannunsa. A jihar Alaska ta Amurka fom na musamman gare su na wannan, kuma dokarsu ta ce a fitar da dukan naman daga daji kafin ƙaho, ko ƙahon ya fito tare da kaya na ƙarshe. A Amurka gaba ɗaya, dokar Lacey ta 1900 ta mayar da ƙetara iyakar jiha da naman da aka samu ba bisa ƙa'ida ba laifin tarayya, ƙaramin kuskure ya zama babba.

Sai cutar nan mai ramar da barewa, wadda ake taƙaita sunanta da CWD. An fara gano ta a Kolorado a 1967, ta bazu a jihohi da dama na Amurka da Kanada, a 2016 kuma aka same ta a Nowe. Abin da ke jawo ta gurɓataccen furotin ne, ba dafuwa ba daskarewa da ke kashe shi, kuma ya fi taruwa a ƙwaƙwalwa da laka da idanu da saifa da kaluluwa. Saboda ita jihohi da yawa suka hana shigo da kai ko ƙashin baya. Abin da ake bari ya wuce shi ne tsoka marar ƙashi, da fata, da ƙaho a kan ƙoƙon kan da aka kankare tas babu ɗigon ƙwaƙwalwa. In yankin da za ka yi farauta akwai cutar, ka ba da samfur a gwada, ka sa wa ledojin dabbar alama daban, kada a ci sai sakamako ya fito. Ƙahon ma in za ka hau jirgi da shi, a rufe tsininsa da guntun tiyo ko kwali a naɗe, kuma ka tambaya tun da wuri, don wasu kamfanoni kaya na musamman suke ɗaukarsa.

Tsohon Mahauci:

Saura abu biyu da ban faɗa ba.

Idan sa'ar ta zo a ranar ƙarshe, ba lokacin daskarewa, kada ka cusa nama mai ɗumi a kula ka ce Allah ya kiyaye. Ko dai ka ɗage tikiti da kwana biyu, ko ka bar wa mahauta su daskarar su aiko maka ta kargo daga baya. Naman da ya yi sanyi sosai har digiri 1 ko 2 amma bai daskare ba zai iya yin gajeriyar tafiya tare da ledojin sanyi masu kauri da aka daskarar, kamar kilo ɗaya ga kowane kilo uku ko huɗu na nama. Amma awa 18 da sauyin jirgi, in jinkiri ya shigo ba ka da abin kariya. A nan ne busasshiyar ƙanƙarar za ta yi aiki, a tara ta duka a kula ɗaya. Niƙaƙƙen nama da hanta da zuciya kuwa kada su yi tafiya sai a daskare, su ne ke fara lalacewa. Tsokar gadon baya, wadda ta fi kowace daraja, ita za ka sa a jakar hannu in dokar filin jirgin ta yarda. A Amurka an yarda, muddin duk ledar sanyin da ke tare da ita tana daskare ƙam lokacin bincike. In ta narke ruwa ya taru a ƙasa, dokar da ta hana shiga da mazubin ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu ta hau kanta.

Na biyu, isowa. In kula ɗaya ba ta fito ba, kada ka bar filin jirgi sai ka cike takardar ɓatan kaya, ka ce musu nama ne, ka roƙi a sa shi a firiza duk inda aka gan shi, kuma ka ce kai za ka zo ka karɓa, kada ka jira motar rabo. A gida ka kunna firiza tun kafin ka tafi, ka tabbatar akwai wuri, kilo 90 na buƙatar kamar lita 130 zuwa 150. Da ka buɗe kula, soka ma'auni tsakanin ledojin sama da na kusurwa. Wanda har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa, a mayar da shi firiza, zai ɗan rage ruwa ne kawai ranar dafuwa. Wanda ya narke gaba ɗaya amma yana da sanyin firji, a dafa shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya haura 4 kuma ba ka san awa nawa ya yi a haka ba, ko ledarsa ta kumbura da kanta, a zubar, ko da hanci bai ji komai ba. A jera sauran a firiza da tazara a daren farko, washegari a matse su.